Ɗan Fari a Bencin Baya

Malam Sabitu mutum ne mai son a ce ya iya Turanci, kuma ba laifi, ya iya. Ana saura kaɗan a ba da mulkin kai, shi ke koyar da 'yan babban aji a firamaren Dutsin-Ma. Kalma ɗaya ce ta gagari bakinsa, sunan Lawal.

Lawal ɗan farinsa ne. Tun da aka yaye shi kakarsa Gogo ta tafi da shi Kurfi, can ya yi elemantare. Da Malam ya nemi a kawo shi ya ƙara karatu, tsohuwar ta ce, "Aro na ba ka. Ran da ya ce ya gaji, maigidana ya dawo mani."

Gidan su Malam kuwa ba a wasa da kunyar ɗan fari. Ba ya kiran sunan yaron, ba ya haɗa ido da shi. In aike ne, sai ya dubi bango ya ce a gaya wa yaron can. A aji, kiran suna da safe ma monita ya bar wa. Lawal na bencin baya, kullum hannunsa a sama, kullum idon Malam ya tsallake shi. Alhali Malam har laɓewa yake yi a zaure don ya ji yaron na karatu, yana murmushi shi kaɗai. Lawal ya san al'adar, amma sanin abu daban, zama da shi daban, balle ga wanda ya saba cin kwano ɗaya da kaka.

Wata Laraba Malam ya rubuta kalmomi uku a allo, avoid, shun da dodge. Ya ce ta farko kauce wa abu ce tun kafin ka isa gare shi, kamar hanya mai ƙaya. Ta biyu ƙaurace wa mutum ce don mugun halinsa. Ta uku gocewa ce, irin ta wanda aka jefa da hoge. Bayanin ya yi masa daɗi, har ya bugi tebur.

"Ku riƙe wanga da kyau. Duka ukun, abin da ba a so aka yi ma su. Kowa ya kawo misali."

Wani ya kawo agana, wani mahaukacin kare, wani ya ce babansa da mai karɓar jangali, aka yi dariya. Sai Lawal ya miƙe ba tare da an kira shi ba.

"My father avoids me," ya ce, a nutse, ba tuntuɓe. Ma'ana ubansa na kauce masa. Sannan ya ƙara da Hausa, "Malam, daidai ne?"

Malam ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. In ya ce kuskure ne, dole ya faɗi dalili, ya tsaya gaban 'ya'yan mutane ya ce yana son ɗansa na fari, abin da ubansa bai taɓa faɗa ba, kakansa ma haka. Ya dubi allo, ya dubi allin da ke hannunsa.

"Daidai ne," ya ce. "Zauna."

An ce kunya ado ce. To, wannan karon tsiraici ta jawo masa, kuma ya sani. Kwana da kwanaki yana shirya maganar da zai yi wa yaron, in ya tunkare shi sai harshe ya yi nauyi, ya ɓuge da tambayar ko an ba akuya ruwa.

Lawal bai yi fushi ba, bai yi kuka ba. Ranar kasuwa ya ɗaure akwatinsa na kwano, ya durƙusa daga nesa ya ce zai koma wurin Gogo. Sai kawai Malam ya sunkuya ya ɗora akwatin a kansa, ya yi gaba.

Garin nan kaf ba a taɓa ganin haka ba, malamin makaranta da farar riga, ɗauke da kayan ɗan farinsa. Mahauta suka bar fawa suna kallo, wata tsohuwa ta rufe baki tana salati. Malam na tafe gumi na zuba, kunya kamar ta kashe shi, amma a ransa yana cewa yau dai yaron zai gane, tunda ga shi ya faɗa da kansa abin da baki ya kasa.

A bakin hanyar Kurfi, inda motar 'yan kasuwa ke lodi, ya sauke akwatin. Lawal ya karɓa da hannu biyu, kansa a ƙasa.

"Baba, da ba ka wahal da kanka ba," ya ce. "Ba sai ka ga tahiyata da idonka ba. Wallahi ba ni dawowa."