Igiyar Rimaci

Aikin da ƙauyenmu ke yi wa Sarki Inka guda ne: gadar ciyawa ta kan kwazazzabo, wadda sojoji da 'yan saƙo ke bi zuwa Kusko, babban birninsa. Duk shekara a yanke tsohuwa, kowane gida ya tufka igiyarsa, a haɗa sabuwa.

Rimaci da ƙanensa Atau suka gaji shugabancin aikin daga ubansu. Wata shekara wakilin Sarki ya yaba gadar, ya miƙa wa Atau rigar fada mai laushi, irin wadda ba mai sanya ta sai wanda Sarki ya ba. Rimaci ko zare bai samu ba. Tun daga nan dankali ya daina yi masa daɗi.

"Sannu mai riga," in ji shi kullum. "In share maka hanya?"

"Haba Yaya, ai tamu ce."

"Tamu? To in saka mana, a fille mini kai."

Ko yaro a garinmu ya san sai an jiƙa ciyawa an buga ta kafin a tufka. Da shekara ta zagayo, Rimaci ya tufka tasa a bushe, ya yayyafa mata ruwa daga baya don kada a gane, ya sa ta cikin igiyoyin ƙasa. So yake gada ta tsinke a gaban wakili, a tuɓe wa Atau riga.

Ranar buɗewa, an zuba wa dutse giyar masara bisa al'ada, sai Atau, da damuwar wansa ta hana shi sukuni, ya ce wa wakili a gaban jama'a, "Ranka ya daɗe, al'adarmu babban ɗan gida ke fara tsallakawa. Bara na yi rashin kunya. Yaya, wuce."

Rimaci ya dubi gada, ya dubi riga. Kalma ɗaya za ta cece shi. Ya gwammace kwazazzabo da ya faɗe ta a gaban ƙanensa.

Yana tsakiya igiya ta tsinke, ƙafarsa ta sarƙe, ya koma yana reto, kansa a ƙasa. Atau ya rarrafa ya jawo shi. Ya ga busasshiyar ciyawar, ya tura ta cikin kwazazzabo don kada kowa ya gani.

Wakili ya aiko wa Atau riga ta biyu saboda jarumta. Rimaci na nan da ɗingishinsa. Ban taɓa jin ya yi godiya ba.