Shaidar Otis

A Amurka ƙofar kotun tarayya a buɗe take ga kowa, har da wanda aka kulle. Fursunan da ke tsoron ransa zai iya rubuta wa alƙali ya nemi umarnin gaggawa, doka kuwa za ta kare shi.

Otis Gaines ya san wannan sarai. Shekararsa ashirin da shida a kurkuku, kuma shi ke koya wa 'yan uwansa fursunoni rubuta ƙara. Shi ya sa gabansa ya faɗi da wani matashin fursuna, Lamont Pruitt, ya same shi a ɗakin karatu da takarda a hannu. Kwana uku ke nan da Saja Haskell, gandiroban sashensu, ya tsaya a layin abinci ya kira Lamont ɗan rahoto, mai kai wa hukuma asirin fursunoni, a gaban kowa. Tun ranar Lamont ke wanka da takalmi a ƙafa, bayansa jingine da bango.

"Tsoho, kana bayana a layi," in ji Lamont. "Ka ji shi."

"Kunnen nan ya ji abubuwa da yawa. Shiru ne ya bar shi a jikina."

"Alƙali ba ya karɓar maganar mutum ɗaya, sai da shaida. Kai ka koya min."

"Rubutu na koya maka, samari, ban ce ka rubuta ni ba."

"Ran Litinin za su kai ni sashen C. Ka san su wa ke can."

Otis ya sani: can ake tara waɗanda ba sa barin ɗan rahoto da rai. Ya kuma san abin da Lamont ya manta: duk takardar da ta shiga kotu, sai an aika wa wanda ake ƙara kwafinta, don kada a zalunce shi. Duk da haka ya rubuta abin da ya ji, ya sa cikakken sunansa da lambarsa.

Ba a kai ga sauraron ƙarar ba. Ranar Juma'a da safe mota ta kwashi Lamont zuwa wani kurkukun, tafiyar mil ɗari huɗu. Alƙali ya rubuta layi biyu: tunda mai ƙara ya fita daga hannun Saja Haskell, ba sauran abin da za a hana. Lamont ya tsira. Ba wanda aka samu da laifi.

Ran Litinin da hantsi Haskell ya shigo ɗakin wankin da Otis ke aiki, takarda a ninke a aljihun gabansa.

"Mista Gaines! Ashe marubuci muke da shi. Rubutunka ya fi na matata kyau." Ya ɗan buga aljihun. "Tattara kayanka. An samu gado a sashen C."

Otis ya san takardar da ya kamata ya rubuta, har lambar dokar. Shaida ɗaya kawai yake bukata. Ya dubi mutum bakwai da ke ɗakin. Kowa ya zuba wa injin wankinsa ido.

Ya ninke zanen gadon da ke hannunsa, ya durƙusa ya ƙara ɗaure igiyar takalminsa.