Takaba a Cikin Ganuwar Galle

Ranar da aka yi sadakar bakwai ta Alhaji Muhiddin mai sayar da duwatsun ado, tun ba a gama wanke tukwanen shinkafa ba, babban ɗansa Rizwi ya zo ya durƙusa gaban uwarsa.

"Umma, ki haɗa kaya mu tafi babban birni Kolombo ki yi takabarki a wurina. A can saman bene muke, ko tsuntsu ba zai gan ki ba."

Sitti Mazahira ta dube shi ta saman tabarau. Ta san inda zancen ya dosa. Akwai wani mai otal-otal da ya daɗe yana lasar baki a kan gidan, yanzu kuma ya ce ko a ba shi kafin lokacin baƙi 'yan yawon buɗe ido ya kama a watan Disamba, ko ya sayi wani a layin baya. To amma mu nan cikin Ganuwar Galle, tsohon garinmu na bakin teku, ɗa duk rashin ta-idonsa ba ya sayar da gida uwarsa tana takaba a ciki, don ba zai ƙara iya shiga masallaci ba. Idan dai ta taka waje da ƙafarta, shi ke nan, gida ya zama fanko, sai sa hannu.

"A gidan miji ake takaba," ta ce. "Ko a makarantar da ubanka ya kashe kuɗi ya kai ka ba a koya muku wannan ba?"

"An koya mana, Umma. An kuma koya mana idan gida ba zai suturta mace ba, ana iya tashinta. Ki dubi layin nan mana. Layi ne ko kasuwa?"

Nan kam bai yi ƙarya ba. A garinmu takaba ba wasa ba ce. Fararen kaya mace take sawa, ta koma ƙuryar gida, namijin da ba muharraminta ba ko inuwarta ba ya gani. Da, wannan ba wuya, don duk layin 'yan uwa ne. Yanzu gidan dama ya zama wurin shan gahawa, an jera kujeru a kan rufinsa, na hagu ana sayar da riguna masu hoton giwa, ɗakin da Rizwi ya yi karatun allo kuwa askirim ake lasa a ciki.

Su kuma 'yan yawon buɗe ido, ba za a ce tana ƙin su ba. Ba su kai ta ƙi su ba. Da hantsi motoci za su zazzage su a tsohuwar ƙofa, su biyo ɗan jagora mai ɗaga lema kamar 'yan agwagi. Su tsaya gaban masallacinmu suna gardamar ko coci ne. Su je hasumiyar fitilar da ke haska wa jiragen ruwa hanya, kowa ya miƙa tafin hannu a ɗauke shi hoto wai yana tallabe da ita. Da rana a kwashe su a kai su bakin teku su ga masunta zaune a kan sanduna, masuntan da ko ƙugiya babu a bakin zarensu, su dawo da yamma jajir kamar dafaffiyar ƙaguwa. Ranar Lahadi kuma ga 'yan Kolombo da sababbin tabarau, suna tambayar hanyar ganuwa alhali a kanta suke tsaye. Akwai wani rami a bangon gidanta, shekara da shekaru tana jin 'yan jagora ta taga suna cewa harsashin igwa ne na zamanin yaƙi. Alhaji Muhiddin ne ya fasa shi da kansa zai sa bututun famfo, sai mai aikin ya gudu da kuɗin.

Rizwi ya koma Kolombo ba da ita ba. Ta aika aka kira ƙanwarta Jazima, wadda ita ma mijinta ya daɗe da rasuwa, ta zo taya ta zama. Suka fito da zannuwan marigayi, irin waɗanda mazan garinmu suke ɗaurawa, da tsofaffin labulaye, Jazima ta hau tsani ta ɗaɗɗaure su a saman tsakar gida, don kada masu shan gahawa su leƙo rijiya. Ai kuwa sai abin ya zama ado. Washegari Jazima ta dawo daga sayen burodi tana huci.

"Yaya, kin san abin da ɗan banzan nan mai lema yake gaya musu? Wai bikin rini muke yi."

"Bar shi, gobe zai ce gimbiya aka kulle."

Haka aka ci wata biyu, babu wanda ya ga ko yatsanta. Kullum da magariba Rizwi zai bugo waya, ya tambayi lafiyarta, ya tambayi ko rufin yana yoyo, ko baƙi ba sa damunta. Ta ce masa rufi lafiya, baƙi kuma ba su fi sauro ba.

Ƙofar gidan takaba ba a sa mata sakata da rana, saboda mata masu zuwa gaisuwa, turawa kawai ake yi. Wata Talata da hantsi mai kifi ya busa ƙahon kekensa a ƙarshen layi, Jazima ta ɗauki kwano ta fita da sauri. Mazahira tana bakin rijiya tana alwala. Ta ji takun takalmi a kan daɓe, ta ɗago kai, sai ga mutum a tsakar gidanta. Dogo ne, da gajeren wando irin na 'yan firamare, gwiwoyi duk cizon sauro, hanci ya sha farin man kare zafin rana, jakar mata rataye a kafaɗarsa, waya a gaban fuskarsa.

Ta daskare, buta a hannu. Shi kuwa ya ɗauki hoton rijiya, ya ɗauki guga, ya durƙusa ya ɗauki daɓe. Sannan ya matso, idonsa na kan wayar, ya yi mata nuni da bayan hannu, irin wanda ake yi wa kaza, wai ta gusa. Abin da har yau take jin haushin kanta a kai shi ne, ta gusa ɗin. Ya ɗauki ƙofar kicin da ke bayanta.

Daidai nan Jazima ta shigo. Kwano ya faɗi, ta rarumi tsintsiya ta bi shi har titi tana salati tana zagi, kifi a warwatse, kyanwoyi na shagali. Kafin azahar duk Ganuwa ta ji. Kafin la'asar Kolombo ta ji.

Da safe Rizwi ya sauko daga jirgin ƙasa, bai zo shi kaɗai ba. Ya biya ya ɗauko Alhaji Zubairu, ƙanin marigayi, wanda yake cikin dattawan masallaci, kuma maganarsa ce ake bi a dangi. Aka ajiye wa Alhaji kujera a zaure, labule tsakaninsa da matar wansa.

"Baffa, ka dai ji da kunnenka," in ji Rizwi. "Namiji har bakin rijiya. Gobe kuma sai ɗakin kwana. Wallahi ni kunya ta hana ni barci."

"Allah sarki, ɗana mai kunya," in ji murya daga bayan labule. "Mai otal ɗin shi ma bai yi barci ba?"

Alhaji ya yi tari don ya ɓoye dariya. "Matar yaya, a bar wasa. Takabarki ba ta ɓaci ba, ba da gangan kika yi ba. Amma yaron nan yana da hujja. In gida ya kai maza suna shigowa suna ganinki, ni da kaina zan ce ki tashi."

"Wa ya gan ni?"

"Haba, Umma!"

"Kai, rufe mini baki, da Baffanka nake. Alhaji, tun kana zuwa satar alewar kwakwa a kicin ɗina na taɓa yi maka ƙarya? Mutumin nan ya shigo, ban musa ba. Amma bai gan ni ba. Waɗannan ba sa ganin mutane. Shekara nawa ina zama a barandar nan suna wucewa? Ƙofa suke gani, da taga, da tsatsar ƙusa. Yana nan a otal ɗin kusurwa, Jazima ta ga inda ya shige. Ku je ku tambaye shi. In ya ce ya ga mace a bakin rijiya, ko fara ko baƙa, ko tsohuwa ko yarinya, yau ɗin nan zan bi Rizwi."

Rizwi ya miƙe tun ba ta rufe baki ba. Ina za a ce mutum ya tsaya taku biyu da mace cikin fararen kaya bai gan ta ba? Alhaji ya ɗauki sandarsa suka fita.

Da suka tafi sai ƙarfin halin ya ɗan sake ta. Ta zauna a bakin gado tana jan carbi, tana duban sandunan rufin ɗakin da aka kawo ta amarya. Jazima sai kai-komo take yi.

"Yaya, kin yi ganganci. In ya ce ya gan ki fa?"

"To sai ki taya ni naɗe tabarma."

Sun ɗan jima kafin su dawo. Tun daga takunsu ta gane, don sandar Alhaji tana tafe da sauri, takalmin Rizwi yana jan ƙasa. Alhaji ya faɗa kan kujera yana share hawayen dariya da gefen rawani.

"Mun same shi yana karin kumallo, matarsa na shafa masa magani a ƙeya inda tsintsiya ta same shi. Bawan Allah sai ba da haƙuri yake yi. Wai ya zaci gidan tarihi ne, har yana neman inda ake yankar tikiti. Ya buɗe mana hotunan kaf. Ga rijiya, ga guga, ga ƙofa, ga kyanwarki ta fito tsaf. Rizwi ya ce, matar da ke ciki fa? Ya ce ai ita ce ta buge shi. Rizwi ya ce a'a, ɗayar, mai fararen kaya, ta bakin rijiya. Mutumin nan ya dubi matarsa, ya dube mu, ya ce wace ɗaya?"

"Baffa, ai tsoro ne ya sa shi."

"Tsoron me? Har sau uku ka maimaita masa, kana kwatanta tsayinta da hannu kamar mai cigiyar akuya. Daga ƙarshe ya ce ya dai tuna akwai wani farin abu da ya tare masa ƙofa, ya ɗauka shanya ce." Alhaji ya buga sanda a ƙasa. "Magana ta ƙare. Tana nan har ta fita takaba. A samo sarƙa a sa wa ƙofa, mai gaisuwa ta ƙwanƙwasa. Kai kuma ka gaya wa mutuminka ya nemi gidan layin baya."

Rizwi bai tsaya cin abinci ba. Ya leƙo ya yi wa uwarsa sallama fuska a murtuke, ta sa masa albarka, ta ce Jazima ta ƙulla masa soyayyen kifi ya kai wa yara.

Bayan gida ya yi tsit, Jazima ta shigo tana rangaɗa guɗa ƙasa-ƙasa, sai ta tarar da yayarta zaune ta haɗe rai.

"Yaya, lafiya? Ai ke kika ci."

"Shanya," in ji Mazahira. "Ni. Ni da ranar da aka kawo ni layin nan maza suka riƙa faɗowa daga keke."

"Wannan ai kafin a sa wutar lantarki ne."

"Uwaki. Jaki dai jaki ne, ko da kuɗin jirgi." Ta gyara mayafinta, ta saurari muryar mai lema da ke wucewa a waje da wani sabon garke. "Ki ce wa mai sarƙar ya kawo mai kauri. Sannan ki ɗora shayi, ki sa citta da yawa."