Ƙofar da Murja Ta Bari a Buɗe

...kuma wai wannan shi ne maganin. Laka. Hajo na zaune kan benci a asibitin Karaye, tana kallon 'yarta Murja a kan tabarma tana cuɗa yumɓu. Malama Sauda, ma'aikaciyar jinyar da aka ce ta iya da yara masu damuwa, ta naɗe ƙafa a gefen yarinyar kamar wadda ba ta da aikin yi. Ba allura, ba ƙwaya. Abin da ke jibge a bakin rafi, shi aka hau mota aka zo nema.

To, me ya rage da ba a yi ba? An yi hayaƙi, an yi tofi, an sha rubutu har allo ya koɗe. Mijinyawa, uban yarinyar, ya yi duka har ya gaji, ya zagaya bayan ɗaki yana share ido — ta gan shi, ta yi kamar ba ta gani ba. Yarinyar da a da ko muryarta ba a ji... yanzu sai cizo, sai fasa ƙwarya, har makaranta sun ce a riƙe ta a gida. Duk wannan mai sauƙi ne. Gudun ne abin tsoro. Ka ɗan kau da ido, ta kama hanyar dam, ta je ta tsaya inda ruwa ya cinye tsohon ƙauyensu. Ran nan ruwa har ƙugunta masunta suka janyo ta. Gobe fa? Har wuya? Tsoro ne ya kawo Hajo nan, ba don ta yarda da laka ba.

Ga shi Murja ta gina ɗaki. Ga rumbu. Ga tsamiyar bayan gida... Allah sarki, ai gidansu ne, na da, wanda kifi ke kwana a ciki yanzu. A ɗakin nan zazzaɓi ya kwantar da yayan Murja, wuya ya sandare — sanƙarau — aka tura Murja ƙauyen Jajaye wurin goggonta kada ta ɗauka. Kafin a dawo da ita an gama komai, har an share tsakar gida. Ina Yaya? Ya bi baffansa kudu da shanu. Haka Hajo ta ce, tana tankaɗe, ko kai ba ta ɗaga ba. Ɗan fari ne fa. Yana raye ma kunya ba ta bar ta ta kama sunansa ba, balle ya rasu ta zauna tana zancensa da yarinya? Mata suka yaba, wai Hajo akwai dauriya. Dauriya... Sai ga motoci, a tashi, ruwa na zuwa. Aka kwashi tukwane, aka kwashi kaji, shi kaɗai aka bari a ƙasa.

Murja na zagaye gidan da katanga, amma ta bar ƙofa a buɗe. Malama Sauda ta miƙa mata ɗan curin laka.

"Ga na ƙyaure, Murja."

"A'a. In Yaya Basiru ya dawo fa? Ba wanda ya gaya masa mun tashi."

Shi ke nan. Ashe ba mutanen ruwa ke kiranta ba. Tare hanya take zuwa yi, kada yayanta ya dawo da shanu ya rasa gida. Duk hayaƙin nan, duk dukan nan — a kan magana ɗaya da uwa ta yar tana tankaɗe? Baƙin ciki ya rufe Hajo, irin wanda ta ƙi yi ranar da aka fita da gawar yaron.

Malama Sauda ta dubi Hajo, ta ɗan gusa, ta bar mata wuri a tabarma.

In ta faɗa, yau zai mutu a wurin yarinyar, kuma ta san uwarta ta yi mata ƙarya. In ta yi shiru... ruwa na nan, ba inda za shi.

Gwiwoyinta sun taɓa tabarma. Murja ta ɗago, hannu duk laka, tana jira. Hajo ta buɗe baki — yaron da ita ta yi naƙudarsa, amma ba ta ma san yadda sunansa ke fita daga bakinta ba.