Ɗigo Na Huɗu

Shekara goma sha ɗaya Yaya tana manna busassun tsirrai a jikin takarda, a ɗakin ajiyar ganye na jami'a. A gida tsiya ake mata, wai mai gadin ciyawa. To, mai gadin ciyawar aka miƙa wa jakar ƙaninta Auta, ranar da wani direba ya kawo ta.

Wata biyar ke nan da Auta ya bi motar hamada neman aiki, ko gaisuwa ba a samu ba. Direban ya ce lafiya lau ya sauke shi a garin ƙarshe, bakin rijiya, jakar ce kawai ya manta. Ya rantse, ya ƙi zama. Inna ta yi ta hamdala.

Washegari Yaya ta zazzage jakar a teburin aikinta. Riga biyu, buroshi, caja. Sai wani ɗan reshe maƙale a igiyar jakar. Ƙayarsa bibbiyu ce, ɗaya a miƙe, ɗaya a lanƙwashe kamar ƙugiya, ganyen ƙanana masu ruwan toka. Ita da hannunta ta manna irinsa guda uku.

Ta dai jawo taswirar da ake sa ɗigo a duk inda aka samo tsiron. Ɗigo uku ne kacal, duk a wani tsirin tsakuwa, tafiyar kwana huɗu daga hanyar mota, ba rijiya ba inuwa. Ɗan taurin kan tsiron nan bai taɓa yarda ya fito kusa da gari ba. Wato jakar ta je can, direban ma ya je. Auta ne bai dawo ba.

Ta zauna jiran kuka, shiru. Wallahi ba ta ji komai ba, sai ƙarar fanka.

Waya ta yi ƙara, Inna ce.

"Kin ga lamba ko wasiƙa a ciki?"

"Riguna ne kawai, Inna."

"To ki wanke masa, kar ya dawo ya same su da datti."

"To."

Hannu ya san aikinsa. Ta shafa gam, ta kwantar da reshen, ta danne ƙayar da siririyar takarda. A layin da ake sa wanda ya samo tsiron, ta rubuta cikakken sunan Auta. Sannan ta fere fensir, ta sa ɗigo na huɗu a tsakiyar ukun, tunda kowane mamaci ana sanin inda aka kwantar da shi.