Hannun da Bai Tashi Ba

Tana cikin jera kujerun roba a tsakar gida Ciyaman, shugaban 'yan haya, ya sauko daga bene yana gyara tabarau.

"Haba Maman 'Yanbiyu, ki bari mana. Yau ai ba ranar aikinki ba ce."

"Ba komai, Baba," ta ce, ta ci gaba da jerawa.

Gidan haya ne mai hawa uku, kuma tun da suka kafa ƙungiyar 'yan haya komai da ƙuri'a ake yinsa: yaushe za a kunna janareta, wa zai kira mai gyaran famfo, ƙarfe nawa za a kulle get. Ita kanta ta sha ɗaga hannu a wannan tsakar gida, jikinta a taro, hankalinta a kan keken ɗinki. Yau kuwa a kan ƙaninta za a ɗaga.

Auta mai wayarin ɗin wuta ne a da, har ranar da wata babbar mota ta make shi a kan babur. Ƙafa ta warke, kai bai dawo daidai ba. Iyayensu sun rasu, ita kaɗai ta rage masa, sai ta share masa ɗakin da take ajiye yadi. Yawanci ba shi da fitina. Zai wanke kwanuka, ya tsallakar da 'yan biyu titi, ya dawo ya zauna. Amma ranar Laraba, tana kasuwa sayen zare, ya tara kwalaye a ƙarƙashin matakala ya cinna musu wuta, wai yana korar masu kiran sunansa daga cikin bango. An kashe wutar kafin ta kai ga mitoci, sai dai hayaƙi ya cika hawa na farko, yarinya mai asma, 'yar maƙwabciyarsu Nas, ta kwana a asibiti da robar iska a hanci. Mai gida ya ce a waya shi ba ruwansa, abin da masu rinjaye suka yanke shi zai bi: ko Auta ya bar gidan, ko iyalin duka su tashi.

Mutane suka fara fitowa. Masu yi mata ba'a kullum kan ɗinkin da ba ta gama ba, yau kowa ya gaishe ta yana duban ƙasa. Mijinta ya shigo da rigar kamfanin bas a jikinsa, ya zauna kusa da ita, idanunsa jajir.

Nas ce ta fara magana, ba ta ko ɗaga murya ba.

"Ni ba na gaba da kowa. Maman 'Yanbiyu ce ta riƙe mini yarinyar nan tana jaririya duk ranar da nake aiki. Amma ni na ɗauke ta ranar Laraba, leɓenta ya yi shuɗi. In an sake, wa zan kama?"

Bakanike ya miƙe yana goge hannu a wando. "Jama'a, rabin fankokin gidan nan yaron nan ne ya ɗaura su, ko ruwa bai sha wa kowa ba. Lalura fa ba ta sallama. Yau shi ne, gobe ba a san kan wa za ta sauka ba."

"To ka ɗauke shi zuwa garejinka mana," in ji Mai Kemis daga baya, "can ma akwai fetur, sai abin ya fi armashi."

Wasu suka yi dariya, suka haɗiye ta da sauri. Ciyaman ya buga murfin biro a kujera, ya ba Maman 'Yanbiyu dama.

Ta shirya magana mai tsawo tun safe, amma da ta miƙe duk ta zube.

"Na taɓa kai shi asibitin masu taɓin hankali," ta ce. "Da na je dubiya na same shi ɗaure da sarƙa a ƙafar gado, ya yi fitsari a zaune, bai gane ni ba. Ba ni da inda zan kai shi sai can. Tashi kuma, ina za mu? Makarantar yara nan take, masu kawo mini ɗinki nan suke. Na kwashe ashana, na sa wa kicin kwaɗo. Wallahi ba zan sake barinsa shi kaɗai ba. Ku rufa mini asiri."

"Haka kika ce lokacin da ya bar gas a buɗe," Nas ta ce a hankali. Hawaye ne a idonta ita ma.

Gaskiya ce. Ta zauna.

Ciyaman ya tuna musu doka: kowane babba hannu ɗaya, shi shugaba ba ya ɗagawa, in aka yi kunnen doki magana ta mutu, kowa ya koma ɗakinsa.

"Masu cewa ya tafi."

Hannuwa suka tashi, wasu tsaye ƙyam, wasu iya kafaɗa kamar masu jin kunya. Ta ga na matar da ta ɗinka wa kayan jarirai a watan jiya. Ciyaman ya ƙirga da biro. Sha ɗaya.

"Masu cewa ya zauna."

Ta miƙa nata har kafaɗarta ta amsa. Bakanike da matarsa, tsohuwar hawa na uku, ɗaliban nan biyu masu ɗaki ɗaya. Hannuwan sun fi yadda ta zata. Ciyaman ya ƙirga, ya sake ƙirgawa.

"Goma." Ya leƙo ta saman tabarau. "Baban 'Yanbiyu, ba mu gan ka ba. Can ba ka, nan ba ka."

Sai a lokacin ta juya. Hannuwan mijinta biyu suna matse a tsakanin gwiwoyinsa.

"Ni ba ni da ta cewa, Baba," ya ce, yana kallon siminti.

Nata hannun yana sama har yanzu, ta manta ba ta sauke ba, sai da matar Bakanike ta jawo mata shi.

"To," Ciyaman ya yi gyaran murya. "Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Zuwa ƙarshen wata. Allah ya ba shi lafiya." Ya ɗan jira. "Magana ta gaba, wankin tankin ruwa."

Ta tashi. A kan matakala, daidai inda bango ya yi baƙi ƙirin, mijin ya cim mata.

"Ki saurare ni. Bango ɗaya ne tsakaninsa da yaran nan. Tun Laraba ban rintsa ba, kuma rayukan mutane nake ɗauka a mota. Jiya saura kaɗan in hau kan mai keke."

"Da ka faɗa mini a ɗaki."

"Ta yaya? Ɗan'uwanki ne. Ban iya ɗaga hannu a kansa ba."

"Ka ɗaga," ta ce. "Kowa ya gani."

Bai biyo ta ba. Ta ji saukarsa, ta ji ƙarar get.

Ta buɗe ɗakin da ta kulle Auta a ciki kafin taro. Yana zaune a bakin katifa, ya sa riga mai tsabta, ya taje kai.

"Yaya, an gama zaɓen?"

"An gama. Maganar tanki ce kawai."

"Kaina ne ya taɓu, Yaya, ba kunnena ba." Ya nuna taga. "Ina tsaye a can. Ni ma na ɗaga."

Ta jingina da ƙofa. "A wanne?"

"Na farkon. Yarinyar Nas tana kawo mini alewa. Ban san me zan yi gobe ba, ke ma ba ki sani ba." Ya murza yatsunsa. "Ki ce wa Ciyaman ya ƙara nawa, sha biyu ne. Kin ga ko Baban 'Yanbiyu ya ɗaga ba ta canzawa. Kada ki riƙe shi a zuciya."

Ta zauna kusa da shi. Ta buɗe baki za ta ce masa ba inda za shi, ta ga ba za ta iya yi masa ƙarya sau biyu ba. Daga ƙasa muryar Ciyaman na tasowa, yana ƙirga hannuwa.

Auta ya naɗe ƙafar wandonsa, ya shafa tabon ɗinkin da ke idon sawunsa na dama.

"Abu ɗaya, Yaya. In mun je, ki roƙe su su ɗaure ta hagun. Wannan har yanzu tana mini ciwo."