Maburgin Kaka Hindu

Bakin Zulaiha ne ya ja mata, ba kowa ba. Injiniya ce, kuma ita ta nutsar da ƙaramin injin nan mai fukafukai a mafitar ruwan wata madatsa da ke bayan Dusuman, don ya ba unguwarsu wutar lantarki. Da tsofaffi suka tambaye ta yadda yake aiki, sai ta nemi sauƙi ta ce, "Kamar maburgi ne, juyawa yake yi a ƙarƙashin ruwa."

Kash! Ta manta da wa take magana. Mutanen nan jikokin makiyaya ne, ko da yake yanzu a Kasuwar Shanu suke ciniki. Kakarta, Hindu, wadda ta tsufa tana kaɗa nono, ita ta fara dafe ƙirji.

"Maburgi? To in an burga an kwashe mai, me ya rage? Tsala! Wato za ki tsame wutar ki bar wa shanunmu tsalar ruwa!"

Kafin la'asar magana ta gama gari. Aka hana dabbobi sha daga magudanar, mai unguwa Abakar kuma ya aiko cewa gobe da hantsi a taru a bakin ruwa. In Kaka ba ta sauko ba, a ciro injin.

Ran Zulaiha ya ɓaci, wallahi, don aikin ya ci mata shekaru. Amma ko gezau. Ta san injinta, ta kuma san kakarta: tsohuwar ba ta jin bayani, sai abin da hannunta ya taɓa.

Da hantsi ta iso ba takarda ba kwamfuta, sai maburgin Kaka da ta ɗauko a kicin.

"Ke, 'yar nema! Wa ya ba ki?" in ji tsohuwar.

"Aro na yi, Kaka. Zo ki riƙe min, amma sako-sako. Kada ki murza."

Ta ja ta har bakin magudana, ta kwantar da sandar a tafinta, ta sa yatsun maburgin suna taɓa ruwa mai gudu. Nan take ya kama juyawa, fir-fir-fir, yana yi wa tsohuwar cakulkuli.

"La ilaha! Wa ke murza shi?"

"Ruwan. A ƙwaryarki maburgi ke wahalar da nono. A nan ruwa ke wahalar da maburgi, ya wuce abinsa. Gudunsa kawai muke ara."

Kaka ta tsuguna. Ta kamfaci ruwan ta kurɓa, ta juya shi a baki yadda take ɗanɗana nonon da ba ta yarda da mai shi ba. Jama'a suka zuba mata ido.

"Da mansa," ta ce. "Abakar, a saki shanu."

Aka ɗau shewa. Ita kuwa ba ta tashi ba. Ta ci gaba da kallon sandar tana juyi ita kaɗai, sannan ta dubi yatsunta da suka kanannaɗe saboda murza, waɗanda sanyi ke hana su riƙe ko carbi.

"Zulaiha," ta ce a hankali, "in wutar taki ta iso gida, ki fara da ƙwaryata. Hannun nan ya gaji."